Jijiya a Damtse: Daga Gonakin Bakolori Zuwa Dandalin Masu Gina Jiki

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Talata Mafara ranar da take ci, ya zuba wa 'yan dako ido lokacin da suke sauke buhunan shinkafa daga mota, zai ga abin da samarin wannan zamani ke kashe kuɗi da lokaci suna nema. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu jijiyoyi sun tashi ruɗu-ruɗu, wata ta haura ta kan ƙwanji ta nufi kafaɗa. Ɗan dakon bai ɗauki wannan a bakin komai ba, hankalinsa na kan buhu na gaba da ladan da za a ba shi. Haka hannun manomin da ke dashen shinkafa a filayen noman rani na Bakolori yake, haka na mai faskare a Bakura, haka na masuncin da ke jan koma a ruwan dam ta wajen Maradun. Tun 1978 da aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, noman rani ya sa dubban hannaye a waɗannan ƙananan hukumomi uku ba sa hutawa rani da damina, kuma aikin ya bar zanensa a jikinsu.

A gefe guda kuma akwai matasa masu ɗaga ƙarfe. Kayan aikin da yawansu ba ya wuce sumunti da aka zuba cikin gwangwanaye biyu aka soka bututun ƙarfe a tsakani, ko tsofaffin ƙarafan mota da mai walda ya haɗa. Su da gangan suke neman jijiyar. Waya ta kawo musu hotunan zakarun duniya har cikin ɗaki, kuma tun da Samson Dauda, haifaffen Nijeriya mazaunin Ingila, ya lashe gasar Mr. Olympia a Las Vegas a 2024, abin ya ƙara shiga ransu. Sai ka ga saurayi ya gama ɗaga ƙarfe ya dunƙule hannu yana duba ko ta fito. In ta fito, ya yi murna. In ba ta fito ba, ya fara tambayar abokai wane magani ake sha. A wannan tambaya ta biyu haɗarin yake, kuma ita ta sa ya dace a yi bayanin abin dalla-dalla.

Inda jinin ke bi

Jikin babban mutum na ɗauke da jini kimanin lita 5. Zuciya na tura shi ta jijiyoyi masu kaurin bango, waɗanda galibinsu ke binne can cikin nama. Su ne likita ke jin bugunsu a wuyan hannu. Waɗanda ido ke gani a saman fata daban ne. Aikinsu mayar da jini zuwa zuciya bayan ya kai wa tsoka abinci da iska. Bangonsu siriri ne mai saurin buɗewa, har ta kai a kowane lokaci kusan kashi biyu cikin uku na jinin jiki yana cikin jijiyoyi masu mayar da jini, na saman fata da na ciki. A cikin na hannu da ƙafa akwai 'yan ƙananan marufai masu buɗewa ta fuska ɗaya, don kada jini ya koma baya. Ɗan ƙullutun da ake gani nan da can a jikin jijiyar mai ɗaga ƙarfe, sau da yawa wurin marufin ne.

An daɗe kafin a gane wannan. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ya bayyana cewa jini na bi ta huhu kafin ya tsallaka daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu. A 1628 kuma William Harvey na Ingila ya nuna cewa jini zagaye yake yi, kuma hujjarsa damtsen mutum ce. Ya ɗaure hannu a saman gwiwa har jijiyoyi suka kumbura, ya danne ɗaya da yatsa, ya shafe jinin da ke cikinta zuwa sama. Jijiyar ta kwanta fayau, ba ta sake cika ba sai da ya ɗage yatsan ƙasa. Kowa na iya gwada wannan a hannunsa. Shi ne kuma abin da ma'aikaciyar jinya ke yi kullum idan ta ɗaura roba a hannun majinyaci kafin ɗibar jini: ta tare hanyar komawa, jini ya taru, jijiya ta fito.

Mai ɗaga ƙarfe yana yi wa kansa kusan irin wannan, sai dai ta wata hanya. Idan mutum na zaune, zuciyarsa na harba kimanin lita 5 a minti guda, tsoka ba ta samun fiye da kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Idan aiki ya yi tsanani, abin da zuciya ke harbawa na iya kai lita 20 zuwa 25 a minti, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 tsoka ce ke kwashewa. Duk jinin da ya shiga sai ya fita, don haka hanyoyin komawa ke cika maƙil. Tsokar da ta murɗe tana matse jijiyoyin da ke cikinta, wani jinin ya karkata zuwa na saman fata. Ruwan da ke cikin jini kuma yana tsattsafowa cikin tsokar ya kumbura ta, ta yi tauri, ta turo jijiyoyin sama su manne da fata. Wannan kumburin ne samari ke ji hannu ya cika kamar zai tsage. Ba ya daɗewa. Kafin a yi wanka a ci abinci ya sace, shi ya sa hoton da aka ɗauka ana gama motsa jiki ba ya kama da hannun da mutum zai tashi da shi da asuba.

Akwai kuma riƙe numfashi. Mai ƙoƙarin ɗaga nauyin da ya fi ƙarfinsa yakan cika ƙirji da iska ya danne, matsin cikin ƙirji ya hana jini komawa zuciya, jijiyoyin wuya da na goshi su miƙe. Haka wuyan mabushin algaita ke yi a ƙofar fada. A 1985 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada sun auna matsin jinin masu gina jiki suna tsakar tura nauyi da ƙafa, suka samu wani ya kai 480 bisa 350, alhali na mai lafiya a zaune bai wuce kimanin 120 bisa 80 ba. Na ɗan daƙiƙu ne, kuma jikin matashi mai lafiya na jurewa. Amma magidancin da ke da hawan jini bai sani ba, kuma irinsu suna da yawa a cikinmu, bai kamata ya shiga wannan ba sai ya je an auna shi.

Kitse ne alƙali

Duk abin da aka faɗa a sama yana faruwa a jikin kowa, mai ƙiba da siriri. Abin da ke raba wanda za a ga jijiyarsa da wanda ba za a gani ba shi ne kitsen da ke tsakanin tsoka da fata, domin a cikinsa waɗannan jijiyoyi ke kwance. Igiya ce aka ajiye a kan tabarma: a rufa mata bargo, ba a ganinta, a rufa mata siririn mayafi, sai ta fito sarai, alhali kaurinta bai canza ba. Namiji mai matsakaicin jiki yakan ɗauki kitse kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa. Idan ya sauko wajen kashi 10 zuwa 12, jijiyoyin hannu kan fara bayyana ko yana zaune. Waɗanda ake gani a dandalin gasa, da jijiya har a ciki da cinya, sun sauko ne wajen kashi 5, kuma ba sa iya zama a haka sai na 'yan kwanaki.

Wannan ne ya sa ɗan dakon kasuwa ya riga ɗan makaranta mai ɗaga ƙarfe da yamma samun jijiya. Ɗan dakon yini yake yana ƙona abin da ya ci, ba abin da ke saura ya zama kitse, kuma shekarun aiki sun sa hanyoyin jinin hannunsa sun ɗan ƙara faɗi. Girman tsoka na taimakawa, amma in kitse ya rufe ta, ko ta kai ina ba za a ga komai ba. Ba a kuma iya zaɓar inda kitsen zai narke. Mutum ya yi ta murɗa damtse safe da yamma, kitsen hannunsa ba zai riga na cikinsa tafiya ba don ya so. Jiki gaba ɗaya yake ramewa, bisa tsarin da aka halicce shi da shi.

Halitta kuwa na da babban rabo. 'Yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya, abinci ɗaya, gona ɗaya, sai ka ga jijiyar wa a fili, ta ƙane a ɓoye, saboda bambancin kaurin fata da zurfin da jijiyoyin suka bi. Mata na ajiye kitse a ƙarƙashin fata fiye da maza, don haka macen da ke yini a kan turmi tana iya fin saurayi ƙarfin damtse ba a ga jijiya ko ɗaya ba. Tsufa kuma na sirantar da fata: bayan hannun kaka ya fi na jikanta nuna jijiya. Baƙar fata ma na da nata. A jikin farar fata launin jijiyar ake fara gani, a namu kuwa tudunta da inuwarta. Duhun fata na fito da zanen tsoka a ƙarƙashin fitila, shi ya sa Turawa masu shiga gasa ke shafa rini mai duhu da mai kafin su hau dandali.

Sai zafi. Idan jiki ya ɗumama, yakan buɗe jijiyoyin fata ya tura jini can don zafin ya fita. A watannin bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a wannan yanki, hannun kusan kowane siririn mutum na nuna jijiya da rana tsaka. Da asubar hunturu kuwa, hannun nan dai sumul yake. Ko ɗaga hannu sama da kai na ɗan lokaci ya isa ya kwantar da su, a sauke shi ƙasa su dawo.

Jijiya ce ƙarfin?

A'a, kuma ƙasar Hausa ba ta buƙatar a faɗa mata. Mun san dambe da kokawa tun kafin mu san ɗakin motsa jiki. Mawaƙi Ɗan Anace bai wasa ɗan dambe Shago don zanen damtsensa ba, don abin da hannun ke yi a fage ne. A Jamhuriyar Nijar, inda ake gasar kokawa ta ƙasa ta neman takobi tun 1975, da yawan waɗanda ke kai abokan karawarsu ƙasa mutane ne masu kauri da nauyi, jiki a cike, ba jijiya a waje. Eddie Hall na Ingila, wanda ya ɗaga kilo 500 daga ƙasa a 2016, ƙato ne mai tumbi a lokacin. Gasar gina jiki, wadda Joe Weider ya kafa mata kambun Mr. Olympia a 1965, gasa ce ta siffa: alƙalai na duba girman tsoka da daidaitonta da yadda ta fito fili. Ba wanda ake ba buhu ya ɗaga. Masu yin ta ma sun yarda cewa ranar gasa, ranar da jijiya ta fi fitowa, ita ce ranar da suka fi rauni a duk shekara, saboda watannin da suka yi suna tauye ci.

Makon ƙarshe kafin gasa, suna da dabarunsu. Sukan rage abinci mai sitaci na 'yan kwanaki, sannan su ci shi da yawa, domin tsoka na ajiye sitaci tare da ruwa, kowane giram ɗaya da kimanin giram uku na ruwa, sai ta cika ta turo jijiya. Sukan yi wasa da gishiri da ruwan sha. A bayan dandali kuma su ɗan motsa jiki don jini ya hau. Hoton da saurayi ke gani a waya na wannan sa'a ɗaya ne, da fitila da mai da gwanin ɗaukar hoto. Wata guda bayan gasa, zakaran da kansa ba ya kama da hotonsa.

Wasu ba sa tsayawa nan, sai su kai ga maganin sa fitsari irin Lasix, wanda likitoci ke ba masu ciwon zuciya da kumburin jiki. Yana fitar da ruwa, amma yana tafiya da gishirin jini, musamman fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da daidaitonsa. Mohammed Benaziza, haifaffen Aljeriya mai wakiltar Faransa, ya rasu a Holan a 1992 jim kaɗan bayan ya ci gasa, yana da shekara 33, kuma an danganta rasuwarsa da irin wannan magani. Andreas Münzer na Ostiriya, wanda ya yi suna da ƙarancin kitse, ya rasu a watan Maris na 1996 yana da shekara 31. Da aka binciki gawarsa aka tarar hantarsa ta lalace. Waɗannan mutane ne masu kuɗi da masu ba su shawara, a ƙasashen da asibiti ke kusa.

Yaron da ya ji cewa rage ruwa na fito da jijiya, ya daina sha yana ɗaga ƙarfe cikin zafin Afrilu, ko ya ɗora motsa jiki mai tsanani a kan azumi kafin a sha ruwa, ƙodarsa yake wahalarwa. Kuma lissafin ma ba daidai ba ne. Jijiya da jini take cika, jini kuma galibinsa ruwa ne. Duk ma'aikacin lafiyar da ya yi aiki lokacin ɓarkewar amai da gudawa a Zamfara ya san cewa majinyacin da ruwan jikinsa ya ƙare shi ne wanda ake shan wahalar samun jijiyarsa don a ɗaura masa ƙarin ruwa. Ta lafe, ta ɓace.

Abin da ke kan kantar kemis

Allurai da ƙwayoyin gina tsoka, waɗanda aka kwaikwayo daga sinadarin maza na testostiron, suna ƙara tsoka, suna kuma ƙara kaurin jini, don haka jijiya na fitowa. Farashinsu shi ne hawan jini, kumburin zuciya, lalacewar hanta, fitowar nono ga namiji, ƙanƙancewar maraina da raguwar maniyyi. Saurayin da ke shirin aure ya kamata ya ji wannan na ƙarshe da kyau, domin jiki kan daina yin nasa sinadarin idan ya ga ana kawo masa daga waje, kuma dawowarsa na iya ɗaukar watanni ko fiye.

Amma abin da ya fi kusa da hannun talaka shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa deksametason ne haɗe da maganin buɗe ciki. Akwai samarin da ke shan su da zaton za su yi ƙwanji. Abin takaici, akasin haka suke yi: suna tara ruwa da kitse a fuska da ciki, suna cinye tsokar hannu da cinya, suna tayar da sukari da hawan jini. Wanda ya sha don jijiya ta fito, rufe ta ya yi. Tiramadol kuma, wanda masu aikin ƙarfi ke sha don kada su ji gajiya, ba ya ƙara tsoka ko ƙwayar zarra. Ciwo kawai yake ɓoyewa, mutum ya yi ta aiki a kan rauni, ga jaraba, ga farfaɗiya idan an sha da yawa. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 na amfani da irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Ƙarshen wasu daga cikinsu layin wankin ƙoda ne a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sau biyu ko uku a mako, a kan kuɗin da gona guda ba ta iya riƙewa.

Hanyar da ba ta cutarwa a buɗe take, ba ta da sauri ne kawai. Tsoka na buƙatar aiki mai ƙaruwa sannu a hankali, da barci, da abinci mai gina jiki kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato wajen giram 100 ga mai kilo 65. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai da kifin dam duk suna bayarwa, kuma sun fi garin gwangwani da ba a san asalinsa ba araha da aminci. Har ɗaya daga cikin sinadaran da kamfanoni ke sayarwa da sunan buɗe jijiya, a cikin kankana aka fara gano shi, kuma tasirinsa kaɗan ne.

Akwai wata gaskiya da ba za a tsallake ba a yankin nan. Rama iri biyu ce, kuma dukkansu na fito da jijiya. Akwai ta wanda ya ƙoshi ya zaɓi rage kitse, akwai ta wanda abinci bai ishe shi ba. Rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu a Maradun da Bakura da ƙauyukan Mafara, har ƙungiyar likitoci ta MSF na gudanar da cibiyar kwantar da yara masu tamowa a Talata Mafara. Magidancin da jijiyoyin hannunsa suka fito alhali damtsen na sirancewa, ga kasala, ga tari ko zazzaɓin da ba ya tafiya, ba murɗewa ya yi ba. Yunwa ce, ko tarin fuka, ko ciwon sukari, kuma a duba shi ya kamata.

Jijiyar da ta fito daidai a hannu biyu, ba ciwo, tana tashi da aiki ta kwanta da hutu, lafiya ce. Wadda ke son asibiti kamanninta daban. Idan hannu ɗaya ya kumbura farat ɗaya bayan ɗaga nauyi, ya yi nauyi da ciwo, jijiyoyi suka bayyana a kafaɗa da ƙirji ta wannan ɓangaren, mai yiwuwa jini ya daskare a babbar jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya, kuma ba abin jira ba ne. Haka sha-raɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi. Jijiyar ƙafa mai kanannaɗewa da ƙaiƙayi, irin ta masu yini a tsaye, alamar marufan ciki sun gaji ce. Jijiyar wuya da ke tsaye ko mutum na zaune bai yi aikin komai ba, tare da haki da kumburin ƙafa, zuciya take nunawa. Jijiyoyi a fatar ciki tare da cikin da ke girma kuwa hanta ce, kuma a wurin da mutane ke yini cikin ruwan noman rani dole a tuna da tsargiya, wadda wani irinta ke kama hanji da hanta shekara da shekaru ba a sani ba. Gwajin fitsari da na bayan gida ke gano ta, maganinta kuma ƙwayar farazikwantel ce, wadda ake sha a rana ɗaya bisa nauyin mutum.